Ranar da Na Wanke Haƙoran Alhaji Tanko

Shekaranjiya wasu samari uku suka tsaya a kaina a bakin masallaci bayan la'asar. Ɗaya ya miƙo mini waya, ya nuna mini wata mata tana matse lemon tsami a kan farar hoda tana dirza wa haƙoranta. Wai an ce musu ni tsohon hannu ne a wankin haƙori, in taimaka in ba su haɗin, su ma za su kafa tebur a tasha. Na tambaye su abin da suka sani game da haƙori. Babbansu ya ce ai ba wani abu ba ne, shafawa ce da gogewa, sai a miƙa wa mutum madubi. Ban ba su amsa a ranar ba, domin raina ya ɓaci, kuma ba da su nake fushi ba. Ga amsar yanzu, gare su da duk mai irin tunaninsu.

Sunana Isiyaku. Shekara goma sha tara na yi ina wanke haƙoran mutane a Agege, kuma aiki ɗaya ne ya raba ni da sana'ar. Da gemuna na zo Legas, ina dakon doya a kasuwar Oyingbo har bayana ya ce ya gaji. Wani mutumin garinmu ya kai ni wurin Malam Haruna, wani wanzami ɗan Damagaram da ke zama a rumfa kusa da layin dogo. Yana aski yana ƙaho, amma abin da ya fi kawo masa mutane shi ne haƙori. Agege garin goro ne. Inda ake kwance huhun goro a ɗaure huhu tun safe har magariba ba a rasa abin taunawa, kuma duk wanda ya shekara goma yana tauna goro bakinsa ya koma ja.

Aikin farko da Malam Haruna ya ba ni, muƙamuƙin rago ne daga kwata. Ya miƙo mini makankari, wani siririn ƙarfe mai lanƙwasasshen baki da maƙeri ya yi masa, ya ce in cire kantar da ke gindin haƙoran ba tare da na bar zane ko ɗaya ba. In na gama sai ya ɗaga muƙamuƙin a rana, ya bi haƙoran da farce ɗaya bayan ɗaya. Duk inda farcensa ya tsaya, sai ya jefar, ya ce gobe in kawo wani. Wata huɗu na yi ban taɓa bakin ɗan Adam ba, har mahauta suka raɗa mini suna likitan matattun raguna. A wurin ragunan nan na koyi abin da ku ba ku sani ba. Haƙori yana da ɓawo, ɗan siriri mai santsi. Shi ne yake ƙyalli, shi ne kuma yake tare sanyi da zafi kada su shiga ciki. Datti da jan goro a kan ɓawon suke zama, aikinmu kuwa mu sauke dattin mu bar ɓawon. Fata in ta yanke tana haɗewa, gashi in an aske yana tsirowa, amma ɓawon haƙori ba ya dawowa in ya tafi.

Kayan aikin duka jakar fata ɗaya ce ke ɗauke da su. Makankari biyu da ake tafasawa bayan kowane baki, auduga, madubi, buta, da asuwaki da ake jiƙawa a tauna masa kai har ya yi laushi. Sai garin gawayi da ake dakawa a tankaɗe shi sau uku a ƙyallen atamfa, har in ka murza shi tsakanin yatsu ba za ka ji tsakuwa ba. Sai kanumfari don raɗaɗi. Malam Haruna ba ya barin lemon tsami ko kanwa su kusanci jakarsa. Kuma in ya buɗe baki ya ga rami, ko haƙori na girgiza, ko dasashi na jini, sai ya rufe jaka ya ce wa mutum, "Mu ba lokotoro ba ne, tafi asibiti." Lokotoro shi ne likita a bakin mutanen Nijar. Na sha ganin mutum ya tafi yana zaginsa, shi kuwa ya ci gaba da wasa askarsa.

Mutum na farko da na ga an wanke wa a gabana direban danfo ne, irin bas ɗin hayar Legas, ƙato, ya shigo yana kaɗa makulli. Malam Haruna ya nuna masa tabarma ya ce ya cire takalmi ya miƙe ƙafa. Direban ya yi dariya ya ce haƙori ya kawo, ba kaushi ba. Malam bai kula shi ba sai da ya cire. Sannan ya ɗebo ruwan randa mai sanyi ya ce ya kurɓa ya riƙe a baki. Ya tambaye shi ko ya ji wani abu, direban ya girgiza kai. Sai Malam ya taɓa ni, ya nuna mini ƙafar mutumin. Babban yatsansa ya lanƙwashe ya kama tabarma. Aka sake ba shi ruwan, yatsan ya sake lanƙwashewa. Malam ya ce masa akwai haƙorin da ke jin sanyi, yau asuwaki kawai zai samu, ba makankari ba gawayi. Bayan ya tafi Malam ya ce mini Bahaushe ba ya cewa wayyo a gaban mutane, balle in ya manyanta, balle in akwai wanda yake jin nauyinsa a wurin. Fuskarsa za ta yi maka ƙarya, bakinsa ma haka, amma bai san yana da yatsan ƙafa ba. Tun daga ranar ban taɓa sa hannu a bakin mai takalmi ba, har zuwa ranar da zan ba ku labarinta.

Wankin kansa ba a gama shi a zama ɗaya. Bakin da ya sha goro sosai Juma'a uku ake yi masa, kowane zama a sauke kaɗan a bar haƙori ya huta mako guda. Bayan kowane zama kuma akwai doka: kwana uku ba goro, ba shayi mai zafi, ba ruwan ƙanƙara, ba tsami. Asuwaki daga dasashi zuwa baki ake jan sa a hankali, ba a yi masa irin zarton kafinta. Kuma sau ɗaya a shekara ya isa. Akwai wani mai shayi, Ɗanjuma, da ya dawo mini kwana biyu da wanki yana faɗa wai aikina bai kama ba, ga ɓarin goro a kuncinsa yana maganar. Na ce masa ya je ya wanke farar riga ya kwanta da ita a kwata ya gani. Irin waɗannan su ne suka fi yawa, kuma ba su ne matsala ba, domin wanda jan goronsa ya dawo bai yi asarar komai ba.

Da Malam Haruna ya tsufa ya koma gida, ya bar mini jakar. Wanda ya ba ni wurin zama shi ne Alhaji Tanko. Ya ba ni ɗaki a gidansa, ya ce in shimfiɗa tabarmata a ƙofar zaurensa, kuma tuwon gidansa nake ci shekara da shekaru. Alhaji Tanko dillalin goro ne, amma ba dillancin ne ya ɗaukaka shi ba. Haƙorinsa ne. In mota ta zo daga daji da goro, fatake ba sa saye sai an kira shi. Zai sa hannu can cikin kwando ya ɗauko guda, ya share a hannun riga, ya ciza da haƙoran gaba. Daga ƙarar da goron ya yi, da yadda ya tsage, da ruwan da ya fitar, zai faɗa maka ko an jiƙa shi ya wuce kima, ko ya sha zafi a hanya, ko zai kai Maiduguri lafiya ko a Kaduna zai fara baƙi. In ya ce a ɗaure, a ɗaure. In ya tofar ya juya baya, mai kaya ya nemi wata kasuwa. Shekara arba'in yana wannan, da shi ya gina gida, da shi ya je Makka, da shi yake ciyar da mutum sama da ashirin. Haƙoransa jajaye ne wur, bakinsu ya cinye, dasashin ya ja baya. Shekarun da na yi a ƙofarsa bai taɓa cewa in taɓa su ba, ni ma ban taɓa tayawa ba. Yakan ce jan nan shi ne takardar shaidarsa.

Shekarar da soja suka koma bariki abubuwa biyu suka shigo Agege tare. Na farko fasta. Kowace katanga, kowane bayan danfo, har jikin tankin ruwa, fuskar wani ce tana murmushi tana neman ƙuri'a. Mutane suka fara kallon haƙoransu a madubi fiye da da. Na biyu wata 'yar kwalba ce da ake sarowa katan-katan a kasuwar Idumota, rubutun jikinta ba wanda ya iya karantawa a cikinmu. Ruwa ne fari kamar na famfo, warinsa irin na ruwan batir. A tsoma auduga a shafa, kafin ka ƙirga hamsin jan shekara ashirin ya narke. Shap-shap ake ce mata. Mutanen da ba su taɓa riƙe makankari ba suka kafa tebura a tashoshi, wani jiya rake yake sayarwa, yau likitan haƙori ne.

Na sayi kwalba ɗaya, na je kwata na karɓo muƙamuƙi kamar yadda aka koya mini. Na ɗiga wa haƙori ɗaya na bar shi. Da na dawo daga sallar azahar na bi shi da farce, sai ga gari yana fita kamar alli. Don haka kada wani ya ce muku ban sani ba. Na sani sarai ruwan nan ba datti kaɗai yake ci ba, har da ɓawon yake haɗawa. Na rufe kwalbar na tura ta ƙarƙashin gado, na ci gaba da gawayina. Amma wa zai zauna Juma'a uku alhali a tasha minti biyu ne? Sai in wuni a kan tabarma ba wanda ya cire takalmi. Waɗanda na shekara goma ina yi musu aiki suka riƙa wucewa ta gabana da fararen haƙora, suna gaishe ni suna rufe baki da hannu.

Damina ɗaya na jure, sannan na jawo kwalbar. Na ce wa kaina ai ni gwani ne, ba irin 'yan tasha ba. Na riƙa surka ta da ruwa sosai, ina zaɓen samari masu ƙwarin haƙori, shafa ɗaya tak, in sa su kurkure nan take, idona a kan yatsan ƙafa. In ya motsa in tsaya. Ba wanda ya dawo da kuka, mutane suka dawo tabarmata, ni kuwa na saki jiki. Ban san abin da ya sami bakunan nan bayan shekara biyar ko goma ba, domin yawancinsu 'yan ci-rani ne, sun koma ƙauyukansu. Har yau ina tuna su.

Shekara biyu da dawowar farar hula, matasan unguwa suka taso wai lokaci ya yi da Hausawan Agege za su tsayar da nasu kansila, kuma ba wanda kowa zai yarda da shi sai Alhaji Tanko. Ya ƙi, suka yi ta zarya da manya har ya ce to. Jagoran tafiyar Nasiru ne, ɗan wansa, magidanci haifaffen Agege, Hausarsa rabi Yarbanci rabi Turanci. Shi ne ya ce ba za a buga fasta da wannan bakin ba, Yarabawa ma za su kalli hoton, kada su ce mutumin ya sha jini.

Ranar wata Talata da hantsi aka kira ni cikin zaure. Na tarar da shi cike. Ga dillalai, ga limamin unguwa, ga surukan Alhaji biyu da suka zo daga Kano, iyayen amaryar ɗansa. Alhaji na zaune a kan kujera, ba tabarma ba, cikin babbar riga ta shadda da hula ƙube, a ƙafarsa safa da takalmi sawu-ciki baƙi, sabo, da aka saya don hoton. Mai hoto yana waje ya kafa ƙyallensa. Na durƙusa na gaida su, na ce wannan baki aikin Juma'a uku ne, ba a fafe gora ranar tafiya.

"Oga Isiyaku, abeg," in ji Nasiru. "Mai buga fasta yana jira a Shomolu, yau za a kai hoto. Ina wannan ruwan naka? A yi shap-shap kawai."

Na dubi Alhaji ina fatan ya ce a'a. Sai ya ce, "Isiya, yi musu abin da suke so mu huta."

To, a nan ne. Na buɗe jaka, na ɗebo ruwan randa, idona ya sauka a kan takalmin nan. Abin da ya kamata in faɗa kalma uku ce, na faɗe ta ga ɗaruruwan mutane, har da masu unguwa. Amma wannan mutumin shi ya ba ni ɗaki, tuwonsa ne a cikina. Ga surukansa, ga liman. In ce wa maigidana ya sauko daga kujera ya tuɓe takalmi da safa ya miƙe ƙafa a gabansu kamar wanda za a yi wa ƙaho? Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na san karin maganar, na sha faɗa wa wasu. Na ce a raina zan kalli idonsa, ai ya isa.

Ya kurɓi ruwan ya riƙe, ya zubar a kasko. Na tambaye shi ko ya ji wani abu. Ya ce babu komai, in ci gaba. Fuskarsa ko gezau. Na shafa surkakken ruwan sau ɗaya, ya kurkure. Jan ya ragu amma bai tafi ba, jan shekara arba'in ne. Nasiru ya leƙa ya ce wannan ai kamar ba a yi ba. Wani daga baya ya ce ko dai Isiyaku tsufa ya kama shi, na tasha sun fi shi hannu. Na sake tambayar Alhaji, ya ce babu komai. Na shafa na biyu. Na uku kuwa daga bakin kwalbar na tsoma audugar, ba surki. Ina ganin gumi a goshinsa, na ce ai zauren ne ya cika ga shadda.

Da ya kurkure na ƙarshe ya buɗe baki, zauren ya ɗauki kabbara. Fari fat. Nasiru ya rungume ni. Ni kuwa ban yi murna ba, domin fari iri biyu ne. Akwai fari mai ƙyalli, na haƙori mai rai. Akwai kuma fari busasshe mara sheƙi, irin na haƙorin ragon da na ɗiga wa ruwan. Shi na gani. Aka fita da Alhaji, ya yi murmushi, aka ɗauki hoto. Hoton ya yi kyau ƙwarai, ban taɓa ganin fasta mai kyansa a Agege ba.

Washegari da asuba na ga Alhaji a wurin alwala. Ya kai ruwa baki, sai ya tsaya, ya dafa bango, ya daɗe a haka. Daga ranar aka riƙa ɗumama masa ruwan alwala. In zai fita yakan rufe baki da gefen rawani, domin iskar safe ma shiga take yi masa. Na kai masa kanumfari, na kai man goge baki na masu jin sanyi daga kemis, ya karɓa ya yi godiya. Na ce ya huta da goro mako biyu, ya huta. Na yi ta addu'a in zama maƙaryaci a kan abin da na sani.

Mota ta farko da aka kira shi bayan hutun, na bi shi kasuwa na tsaya daga nesa. Ya sa hannu a kwando, ya share goron a hannun riga, ya kai baki. Na ga kafaɗarsa ta girgiza. Ya fito da goron ba tsagewa, sai ɗan sawun haƙori, ya sa shi a aljihu. Ya tofa wani abu a tafin hannu ya duba, ɓallin haƙorinsa na gaba ne. Ya sa shi a aljihu shi ma. Sannan ya ɗauki wani goron ya latsa da babban yatsa, ya sansana, ya ce a ɗaure. A wannan karon Allah ya rufa asiri, karo na biyu ma haka. A na uku, mota guda da ya ce a ɗaure ta isa arewa goron ya yi baƙi. Ba wanda ya yi masa magana, girmansa ya wuce nan. Sai dai in mota ta zo, aka koma kiran wani.

'Ya'yansa suka kai shi asibiti. Likitan ya tambayi wanda ya yi wannan aiki, Alhaji ya ce wani ne a tasha, bai san sunansa ba. Babban ɗansa ne ya faɗa mini haka, bai kalle ni ba yana faɗa. Likitan ya ce ɓawon ya tafi, dama saura kaɗan ne ya rage masa, kuma ba abin da zai mayar da shi. Kafin shekara ta zagayo an cire huɗu na gaba, aka yi masa na roba. Na roba yana murmushi, amma ba ya cizon goro. Takarar kuwa ko akwatin zaɓe ba ta kai ba. Manyan jam'iyya suka zauna a wani gida suka ba wa wani takarar, Nasiru ya koma bin wancan. Fastocin suka rage a katangu, ruwa na dukansu, akuya na cin na ƙasa. Akwai ɗaya a saman ƙofar zauren da hannu ba ya kaiwa, ta fi shekara tana yi mini murmushi duk safiya.

Ba wanda ya doke ni, ba wanda ya kai ni wurin 'yan sanda. Da an yi haka da na fi samun sauƙi. Agege kawai ta daina buɗe mini bakinta. Duk wanda ke zauren nan ya san hannun da ya yi aikin. Na zuba sauran ruwan a kwata, na koma gawayi da Juma'a uku, amma ba wanda ya sake zama a tabarmata, kuma ban ga laifinsu ba. 'Yan tasha kuwa suka ci gaba da cinikinsu, domin su ba a san gidajensu ba. Na jira Alhaji ya ce in kwashe kayana, bai ce ba. Kullum kwanon tuwona yana zuwa, sai dai na lura miyar ta rage nama, kuma mutanen da ke cin abinci a zauren suna raguwa ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na cin tuwon nan ba.

Wata ranar Laraba da hantsi, lokacin da a da yake tsakiyar kasuwa, Alhaji ya kira ni. Shi kaɗai ne a zauren, a kan tabarma, ƙafarsa ba takalmi. A gabansa akwai murfin gwangwani da ƙusa da goro ɗaya fari. Ya ce an ce hannuna yana da kyau a ƙarfe, in huda masa murfin nan in yi masa magogi, irin wanda tsofaffi marasa haƙori ke goge goro da shi su zuba a baki. Na zauna ina hudawa da dutse. Sai da na kusa gamawa na iya magana, kaina a ƙasa.

"Baba Alhaji, ranar nan ya kamata in ce ka cire takalmi. Kunya ce ta hana ni."

Ya ce, "Na sani, Isiya. Shekara nawa ina kallon ka kana sa mutane cire takalmi a ƙofar gidana? Tun kurɓar ruwan farko na ji shi har cikin kaina. Surukaina na zaune, ba zan ce wayyo ba. Sai na naɗe yatsuna a cikin takalmin, ina jira ka duba."

Na miƙa masa magogin, ya gwada shi da yatsa ya ce ya yi. Ya ɗauki goron zai goga, sai ya fasa, ya share shi a hannun riga ya miƙo mini. Ya ce in matso kusa da kunnensa in ciza masa da haƙoran gaba. Na matsa na ciza, goron ya yi ƙara ya tsage. Ya rufe ido, ya karɓi ɓarin ya dubi ruwansa.

"Wannan zai kai Maiduguri," in ji shi. Ba kowa a zauren da zai ɗaure huhu a kan maganarsa, daga ni sai shi.

Daga ranar ban sake buɗe jakar Malam Haruna ba. Na koma gadin dare a wani shagon katako, a nan na tsufa. Alhaji ya yi shekara shida bayan haka, kullum da hantsi ina zuwa in goga masa goronsa kafin in kwanta. Da ya rasu aka raba kayansa, na roƙi magogin, ba wanda ya yi gardama a kan murfin gwangwani.

To, samari, kun ce haɗi kuke so. Ba ni da haɗin da zan ba ku. Wanda haƙorinsa ke jin sanyi ya tafi asibiti, wanda nasa ke lafiya ya riƙe asuwaki ya gode wa Allah da launin da ya samu. In kuma har yanzu kuna ganin shafawa ce da gogewa, ku zo gida bayan la'asar. Magogin yana aljihun rigata ta Juma'a, zan ba ku ku riƙe shi a hannu, sannan ku je ku kafa teburinku in kun iya.